Shaidar Kaya: Daga Gwammaja Zuwa Madina

An yi shekara da shekaru maniyyacin Najeriya yana karɓar jaka biyu daga hukumar alhazan jiharsa: babba mai ɗaukar kilo 32, da ƙarama ta hannu mai kilo 8. Launinsu ɗaya, ɗinkinsu ɗaya, tambarin jikinsu ɗaya. A 2023 kujera 95,000 Saudiyya ta ware wa Najeriya, manyan jihohi irin su Kano da Kaduna kowacce ta tura dubbai. Ranar da aka jibge jakunkunan nan a farfajiyar masauki a Makka, babu abin da ke raba ta wane da ta wance sai abin da mai ita ya ƙara mata da hannunsa. Shi ya sa ake ganin wani ya rangaɗa suna da fenti, wata ta ɗinka maɓalli, wani ya liƙa hotonsa, mafi yawa kuma sun ɗaura ƙyalle a mariƙi.

A nan ne uwargidan wani gida da ke unguwar Gwammaja ta Kano ta koyi nata karatun, shekarar da ta sauke farali. Matan ƙaramar hukumarsu duk sun yi dabara iri ɗaya: kowacce ta yagi bakin atamfar da hukuma ta raba musu ta ɗaura wa jakarta. Da aka zo ɗaukar kaya, ga jaka iri ɗaya, ga ƙyalle iri ɗaya. Sai da aka riƙa zuge zif ana leƙawa kafin kowa ta gane tata, wasu tsofaffi har da hawaye.

Don haka da maigida ya shigo da albishir cewa Allah ya nufa za su Umra su shida a hutun ƙarshen shekara, shi da ita da mahaifiyarsa da yara uku, kowa da abin da ya fara faɗo masa a rai. Yara suka shiga lissafin kwanaki. Maigida ya shiga zirga-zirgar biza da canjin riyal a Wapa. Ita kuwa akwatuna ta ƙirga. Tara za su tafi da su ban da na hannu, ta kuma san a dawowa sai sun haura haka.

Saura mako biyu, bayan La'asar, ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta baje kayan aiki: jarkar man gyaɗa da aka wanke da omo da ruwan zafi, almakashi, ƙusa, soson ƙarfe, maka marar gogewa, salatif mai faɗi, basilla, zaren ɗinkin takalmi, da guntayen fata masu launi.

"Umma, ai wannan wahala ce," in ji na tsakiyar, ɗan ajin ƙarshe a sakandare. "Mai shagon kwamfuta zai buga mana a kati ya yi masa laminatin, minti goma an gama."

"Je ka yo naka da na ƙanenka mu gani. Sauran a nan za a yi su."

Ya je ya yo, sun kuwa yi kyau, har da ɗan hoton Ka'aba a gefe. Ta cika bokiti da ruwa ta tsoma katinsa ɗaya tare da yankin jarka ɗaya da aka riga aka rubuta, ta bar su zuwa Magariba. Katin ya fito da ruwa ya ratsa ta bakin huda, tawada ta fara bazuwa. Ta nan ne kowace shaidar kaya ke mutuwa, ta wurin hudar, don nan igiya ke ja duk sanda aka jefa akwati ko aka janyo shi daga ƙarƙashin 'yan'uwansa. Wanda ya nace sai katin laminatin, sai ya bar leda zalla da faɗi a gefe guda ya yi hudar a can, kada ta taɓa takarda. Yaron ya koma aka sake masa haka.

Aikin jarka ya fi sauƙi, amma shi ma da ƙa'idarsa. Ana yanka gefen da ya miƙe daidai girman katin ɗan ƙasa, a zagaye kusurwoyin don kada su yanki hannu ko su huda jakar wani. Ana goge fuskar da soson ƙarfe har santsin ya mutu, in ba haka ba tawada ba ta zama. Bayan an yi rubutu an bari ya bushe, a rufe shi da salatif. Huda kuwa da ƙusa mai zafi ake yi, a bar faɗin yatsa tsakaninta da baki. Robar da ta narke a kewayen hudar takan yi kauri, sai ta zama ƙarin ƙarfi.

Fatar daga Kasuwar Kurmi aka samo ta, kasuwar da ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. Jar fatar akuyar da ake jemewa a ƙasar Hausa ta daɗe tana ƙetare Sahara, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Dukawan Kurmi suna da ragowar yanke-yanke da ba za su isa jaka ko takalmi ba, kuma da kuɗi kaɗan suke sallamawa. Wani baduku ya buga musu idon ƙarfe irin na takalmi a kowane yanki. Ɗinkin kuwa Hajiya ce, mahaifiyar maigidan, ta karɓa. Ta ce idonta bai ga allura ba yanzu, amma basilla ba ta gagare ta ba. Ta ninka fatar ta ɗinke gefe biyu, ta bar murfi irin na gafaka, yadda yankin roba zai shige ciki: launi na waje ga kowa, rubutu kuma sai wanda ya ɗaga murfi.

Kowa ya zaɓi launinsa. Hajiya ja, maigida baƙi, uwargida kore, babbar 'yar ruwan ɗorawa. Samarin biyu suka tsaya kan katinsu, aka ƙara musu na jarka a mariƙin gefe. Launin nan ba ado ba ne. Hajiya ba ta karatun boko, auta kuma bai kai ya karanta rubutu a kan akwatin da ke tafiya ba, amma dukansu suna hango ja daga nesa.

Inda aka fi daɗewa shi ne abin da za a rubuta.

Da farko suna. A gidan Bahaushe suna na gaskiya ba kasafai yake yawo ba. Hajiya ba ta kiran sunan maigidan, ɗanta na fari ne. Uwargida ba ta kiran sunan mijinta. Babbar 'yar takwarar Hajiya ce, don haka tun tana jaririya da laƙabi ake kiranta. Amma ma'aikacin filin jirgi bai san laƙabi ba, abin da ke cikin fasfo da tikiti shi zai nema a kwamfuta. Sai aka ɗauko fasfo shida aka ajiye gaban babbar 'yar, ita da ke jami'a kuma ta fi kowa kyan rubutu.

"Rubuta na Abbanku yadda yake a ciki, harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe," in ji uwar. "Kada ki gyara musu ko kin ga sun yi kuskure."

Auta ya leƙa fasfon kakarsa ya fara haɗa baƙi da ƙarfi, yayarsa ta toshe masa baki, Hajiya na dariya tana cewa a ƙyale mata miji.

Sai adireshi. Maigida ya so a sa cikakke, har lambar gida, don in kaya ya ɓata a san inda za a kawo. Uwargida ta ce a'a, kuma gaskiya na gare ta. Akwati yana tsayawa a layi gaban ɗaruruwan idanu, adireshin da ke jikinsa kuwa sanarwa ce cewa masu gidan nan sun yi nisa, ba za su dawo ba sai bayan mako biyu. Aka tsaya kan KANO, NIGERIA. Lambar fasfo ma ba a sa ba. A akwatin uwargida da na 'yarta lambar maigida aka rubuta, don kada lambar mace ta zama abin kwafa ga duk wanda ya ga dama.

Ita kanta lambar wayar akwai inda mutane da yawa ke tuntuɓe. Lambar da ta fara da sifili a cikin Najeriya kawai take aiki. Wanda ya tsinci jaka a Jidda ya buga ta haka, ba za ta shiga ba. Dole a jefar da sifilin a fara da +234. Mutumin Nijar +227 zai sa, na Gana +233, na Chadi +235, na Kamaru +237. Aka zaɓi lambar da ke kan WhatsApp, tunda ko an cire layin Najeriya an sa na Saudiyya, kira ta nan yana shiga muddin akwai intanet. A ƙarƙashinta aka ƙara ta ƙanen maigidan da zai zauna a Kano, saboda matafiyi yakan yi awanni wayarsa a kashe. A bayan kowane yanki babbar 'yar ta sake rubuta sunan da Larabci, don direbobi da masu ɗaukar kaya a otal. A kusurwa kuma lamba: 1 zuwa 9.

Na ƙarshe shi ne wanda ba a gani. A cikin kowane akwati, a saman tufafi, aka sa takarda a leda mai ɗauke da suna, lambobin waya, ranar tafiya da sunayen masaukan Makka da Madina. Idan duk abin da ke waje ya tsinke, ma'aikatan sashen ɓataccen kaya buɗe akwati suke yi su nemi abin da zai nuna mai shi. Uwargida ta kuma yanka ƙarin yankuna shida ba rubutu, ta haɗa da maka da zare ta cusa a aljihun jakarta ta hannu.

Ranar tafiya hazo ya sauko, irin na Disamba da ke rufe Dutsen Dala, har ana fargabar ko jirgi zai tashi. Filin jirgin Malam Aminu Kano, wanda ya fi kowanne tsufa a Najeriya, yana aiki tun 1936, ya cika da masu rakiya. A bakin ƙofa babbar 'yar ta jera akwatunan ta ɗauki hoton kowanne da waya. Maigida ya bi su yana ɓare tsofaffin sitikun tafiye-tafiyen baya, domin na'ura tana iya karanta tsohuwar ta rikice.

A wajen awo ma'aikaciya ta zagaya wa kowane mariƙi doguwar farar takarda mai ɗauke da JED, wato Jidda, da manyan haruffa, ta manna 'yan gutsattsarinta a bayan takardun shiga jirgi. Asalin wannan tsari daga jirgin ƙasa ne. A 1882 wani mutumin Moncton a Kanada, John Michael Lyons, ya yi rajistar tikitin kaya mai rabuwa biyu: rabi a jikin kaya, rabi a hannun fasinja, lamba ɗaya a kan duka biyun. Ta yau ba ta bar wannan dabarar ba, sai dai an ƙara mata baƙaƙen layukan da na'ura ke karantawa, waɗanda ke ɗauke da lamba goma. Tun watan Yunin 2018 ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ɗora wa mambobinta bin sawun kowace jaka a wuri huɗu: sanda aka karɓe ta, sanda aka loda ta, sanda aka sauya mata jirgi, da sanda aka miƙa ta ga mai ita.

Duk da haka kaya na ɓata. Kamfanin SITA, mai fitar da rahoto kan wannan a kowace shekara, ya ƙiyasta jaka miliyan 26 da suka yi jinkiri ko suka lalace ko suka ɓata a 2022, wato 7.6 a kan kowane fasinja dubu. A 2023 adadin ya sauko zuwa 6.9. Mafi yawansu jinkiri ne kawai, kuma wurin sauya jirgi aka fi samun matsalar, abin da ya kamata masu bi ta Alƙahira ko Adis Ababa su riƙe. Waɗanda aka yi wata uku ana cigiya ba a samu masu su ba, a Amurka akan sayar da su ga wani katafaren shago a garin Scottsboro na jihar Alabama, wanda tun 1970 sana'arsa ke nan.

A layin awon na Kano, a gaban iyalan Gwammaja, wata baiwar Allah ta ɗaura wa akwatinta ƙyalle mai tsawon kamu guda, yana jan ƙasa. Ma'aikaci ya roƙe ta ta kwance. Dogon ƙyalle yana maƙalewa a bel, yana kuma rufe layukan da na'ura ke nema, sai akwati ya koma gefe ana jiran mai duba shi da hannu, jirgi kuwa ba ya jira. Irin wannan dalili ne ya sa wasu kamfanoni suka juya wa jakar Gana-mas-go baya, jakar da ta samo sunanta daga korar baƙin haure ta 1983 a zamanin Shugaba Shehu Shagari. Kamfanin jiragen Habasha ya sanar da daina karɓarta a ƙarshen 2023, yana cewa tana lalata masa na'urori. Shaidun gidan Gwammaja duk a ɗaure suke tamau, igiyar ba ta wuce tsawon yatsa ba.

Bayan kusan awa biyar a sama suka sauka a filin jirgin Sarki Abdul'aziz na Jidda, agogo ya yi gaba da awa biyu. Mazan na cikin harami tun daga jirgi, harami kuwa ba shi da aljihu, don haka fasfo da gutsattsarin sitiku duk suka koma jakar uwargida. A gaban bel mutane suka yi cincirindo. Akwatunan da suka fito daga kasuwa ɗaya suka riƙa wucewa, baƙi bayan baƙi, wani ya sunkuya ya ɗaga, ya duba, ya mayar. Auta aka tsayar a gaba.

"Abba, ga ja can! Ta Hajiya ce! Ga kore a bayanta!"

Suka haɗa tara suka ƙirga, suka fita.

Daga nan aikin farar takardar kamfanin jirgi ya ƙare. Wannan ne abin da masu cewa ai kamfani na sa wa kaya lamba suke mantawa. Tsakanin Jidda da Makka kilomita tamanin ne ko kusa da haka, a bas. Daga bas zuwa farfajiyar otal, daga farfajiya zuwa keken ma'aikata, daga keke zuwa lif, daga lif zuwa hawa na goma sha wani abu, babu na'urar da ke karanta komai. Hannuwan mutane ne, gajiyayyu, masu harsuna daban-daban, suna ɗaukar kayan ayari uku a lokaci guda. Rabin tafiyar Umra a irin waɗannan hannuwa kaya ke yin ta.

Kwanakin Makka suka tafi a ibada. Suka yi ɗawafi da sa'ayi a daren da suka isa, Hajiya a keken guragu jikanta na tura ta. Ko a nan dabarar ta yi rana. Ragowar robar jarka aka rataya wa 'yar jakar takalman kowa, aka kuma rataya wa Hajiya da auta katin otal a wuya, a bayansa an rubuta lambar maigida da lamba 79, wato Ƙofar Sarki Fahad, inda aka yi alkawarin haɗuwa in an rabu. Wata rana da yamma suka leƙa Shara Mansur, inda Hausa ke tashi ta ko'ina, suka ci tuwo da miyar kuka wurin jikokin waɗanda suka zo da ƙafa ta Chadi da Sudan tun kafin jirgi ya zama ruwan dare.

Zuwa Madina akwai jirgin ƙasa na Haramaini da aka buɗe a 2018, mai gudun kilomita 300 a awa, wanda ke cinye tafiyar cikin ƙasa da awa biyu da rabi. Sai dai ƙa'idar kayansa da tsauri, babban akwati ɗaya ga kowane fasinja, kada ya wuce kilo 25. Iyali mai kaya tara da tsohuwa a keke bas ta fi musu.

Da safiyar tashi bas biyu ne a ƙofar otal. Ɗaya ta masu zuwa Madina, ɗaya ta wani ayari da ya gama ibada zai kama hanyar Jidda zuwa gida. Ma'aikata suka sauko da kayan kowa suka tara wuri guda. Ta Jidda ta riga tashi. Da aka zo loda tasu, uwargida ta ce ba za ta shiga ba sai an ƙirga. Auta ya bi yana kira: ɗaya, biyu, uku, biyar.

"Umma, babu huɗu."

Huɗu ta Hajiya ce. Aka koma ɗaki, aka duba lif, aka tambayi na kanta, babu. Direba yana ta danna ham. Maganin hawan jininta dai yana jakar hannu, don uwargida ba ta yarda a sa magani a babban akwati, amma tufafinta duka suna ciki, da kuɗin da matan unguwa suka ba ta sautu. Maigida ya nuna wa na kanta hoton akwatin ya bar lambarsa, suka shiga mota jiki a sanyaye. Hajiya ba ta ce komai ba sai jan carbi.

Sun yi nisa a Hanyar Hijira, duwatsu baƙaƙe dama da hagu, sai wayar maigida ta yi ƙara. Lambar +227 ce.

"Salamu alaikum, Alhaji. Ni jagoran ayari ne daga Maraɗi. Ga mu Jidda muna sauke kaya, mun tarar da jikka guda ba tamu ba, da jar fata a hannunta. Na ɗaga na ga sunan wata Hajiya da lambar ga."

"Wa alaikumus salam. Ta mahaifiyata ce, Malam. Allah ya saka da alheri, Allah ya kai ku gida lafiya."

Mutumin ya damƙa ta ga direbansu da zai koma Makka, na kanta ya haɗa ta da motar Madina ta washegari. Da ba a ga lambar ba, abu biyu ne: ko a bar akwatin a gefen titi a filin jirgi, inda jami'an tsaro ba sa wasa da kayan da ba mai shi, ko wani ya ɗauka na abokin tafiyarsa ne ya auna shi zuwa Yamai. Akwai masu sa wa kaya 'yar na'urar bin sawu irin AirTag da kamfanin Apple ya fitar a 2021, tana kuma da amfani. Sai dai ita mai kaya take gaya wa inda kayansa yake. Mutumin Maraɗin da ke tsaye da akwati a hannu, in bai san tana ciki ba, ba ta gaya masa komai.

A Madina hankali ya kwanta. Sanyin Disamba na can ya fi na Kano cizo da asuba, laimomin harabar Masallacin Annabi suna buɗewa da hantsi su rufe da yamma. Suka ziyarci Ƙuba da Uhudu. Sannan aka shiga tsaraba: dabinon ajwa, darduma, carbi, jallabiya, abaya, turare, 'yan kunne na yaran maƙwabta. Akwati tara suka kasa. Aka sayi jakunkuna uku a shagon da ke ƙasan otal, irin waɗanda duk wanda ya sauka a layin nan yake saya, launi ɗaya, zane ɗaya. A daren ƙarshe uwargida ta fito da yankunan da ta ɓoye. Aka rubuta 10, 11, 12. Ɗaya jakar ba ta da mariƙin kirki, sai Hajiya ta ɗinke robar a jikinta ta kusurwa huɗu.

Da suka dawo filin jirgin Jidda za su kama hanyar gida, saura abu ɗaya, ruwan Zamzam. Ba a yarda a sa shi cikin akwati ba. Ana sayensa a nan, lita biyar ga kowane mai Umra, a cikin kwali da aka rufe, kuma kwalin kowa a jirgin iri ɗaya ne. Maka ta sake fitowa. Babbar 'yar ta durƙusa ta rubuta suna da lamba a fuska biyu na kowane kwali, na tsakiyar yana bi da salatif. Wani dattijo da ke kallonsu ya matso.

"'Yata, in kin gama ki taimaka ki rubuta mini nawa."

Kafin a kira jirgi ta rubuta wa mutum fiye da goma.

A Kano kaya suka fito a hankali. Kwalayen Zamzam aka tara gefe, inda aka fi yin cacar baki, don waɗanda ba su yi rubutu ba sai dai kowa ya ɗauki wanda hannunsa ya kai. Wani abokin tafiyarsu bai ga akwatinsa ba har bel ya tsaya. Maigida ya raka shi teburin cigiya, inda dole a cike takardar rahoto kafin a bar filin jirgi. Aka tambaye shi gutsuren sitika, ya lalubo. Aka tambaye shi kamannin akwatin, ya ce baƙi ne, babba, mai taya. Aka tambaye shi ko akwai wata alama a jiki, ya yi shiru. A ƙarƙashin Yarjejeniyar Montreal ta 1999, in kamfani bai riga ya amsa ɓatarta ba, sai jaka ta kwana 21 ba ta zo ba kafin a lissafa ta a ɓatacciya a shiga maganar diyya, diyyar kuma tana da iyaka komai tsadar abin da ke ciki.

A gida, bayan 'yan sannu da zuwa sun ragu, aka kwance shaidun aka duba. Na fata huɗu duk sun dawo, sun yi duhu da datti amma ko zare ɗaya bai saki ba. Na jarka sun dawo, sai dai biyu daga waɗanda aka rubuta a Madina cikin gaggawa, ba a goge fuskarsu ba, rabin lambar ya shafe. Katin laminatin na auta ya karye biyu. Na yayansa igiya kawai aka tarar a mariƙi. Ya juya ta a hannu, ya ce in zai tafi makaranta a yi masa ta fata, shuɗiya in akwai.